Ciniki ya hau, riba ta faɗi, mai Facebook kuma ya ce sai ya ƙara zuba kuɗi a AI: wa zai fahimtar da ni?

Ɗan_Auyo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin lissafi a cikinmu. Jiya bayan isha'i ina zaune a shagon caji ina jiran wayata ta cika, mai shagon ya miƙo min tasa in ga wani labari na kamfanin Meta, masu Facebook da WhatsApp da Instagram. Sun fitar da lissafinsu na wata uku, Yuli zuwa Satumba na 2025. Ciniki dala biliyan 51.24, ƙarin kashi 26 cikin ɗari a kan na bara war haka. Amma ribar wai biliyan 2.71 kacal, alhali bara ta haura biliyan 15. Washegari hannun jarinsu ya faɗi da kashi 11. Duk da haka Zuckerberg, shugaban kamfanin, ya ce bana, wato 2025, sai sun kashe biliyan 70 zuwa 72, akasari a kan gine-gine da injinan ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin nan, baɗi kuma abin ya fi haka. Ni a sanina ɗan kasuwa in riba ta ja baya hannu yake janyewa. Mutumin nan ya hango abin da ba mu hango ba ne, ko caca yake da kuɗin jama'a?

Falke_Maigatari: Wa alaikumus salam. Karaya ce ta zo, ba wani abu ba. Na ga irinsa a kara: mutum ya tafka asara a shanu, maimakon ya zauna sai ya ƙara cin bashi don kada a gane.

Malam_Lissafi: A'a Alhaji Falke, gyara kaɗan. Ba asara suka yi ba, kuma ribar ma ba ta faɗi yadda lambar ta nuna ba. A watan Yulin bana Trump ya sa hannu a wata sabuwar dokar haraji a Amurka. Dokar ta sa dole Meta su shigar da dala biliyan 15.93 a littafinsu a matsayin haraji, sau ɗaya tak, kuma ba tsabar kuɗi ne suka fita daga asusu a lokacin ba, gyaran littafi ne. In ka cire wannan, ribar wata ukun biliyan 18.64 ce, ta fi ta bara. Kamar ka lissafa wasu buhuna a cikin dukiyarka da sunan za su yi maka amfani gaba, sai doka ta canza ka soke su daga takarda. Shagonka na nan yana ciniki yadda yake yi.

Masu hannun jari sun san da haka sarai. Abin da ya razana su shi ne rabin tambayarka na biyu, Ɗan_Auyo. A 2024 biliyan 39 suka kashe a wannan fanni. Bana kusan ninki biyu. Sannan mai kula da kuɗin kamfanin, Susan Li, ta ce ƙarin baɗi zai zarce na bana sosai.

Falke_Maigatari: To Malam, na karɓi gyara. Amma kai ma ka ce masu kuɗin sun razana. Ruwa ba ya tsami banza.

ƊanPOS_Ringim: Ku tsaya, biliyan ko miliyan? Kuma dala ko naira? Kaina ya ɗau zafi.

Malam_Lissafi: Biliyan, ta dala. Bari in sauko maka da shi gida. Wata ukun kwana 92 ne. Ka raba biliyan 51.24 gida 92, kowace rana kusan dala miliyan 557 ke nan. A ce dala naira 1,450, ya haura naira biliyan 800 a wuni ɗaya. Kasafin Jigawa da aka fara shekarar 2025 da shi bai kai biliyan 700 ba. Shi kuwa biliyan 70 ɗin da za su kashe, naira tiriliyan 100 da ɗoriya ne. Kasafin tarayya na 2025 tiriliyan 54.99.

ƊanPOS_Ringim: Innalillahi. Wato cinikin wuni guda ya fi na jiharmu na shekara, da albashi da tituna da komai.

Baƙo_Sabo: Ni abin da ban gane ba, me suke sayarwa? Ban taɓa biyan ko sisi don shiga Facebook ba, data kawai nake saye, ita kuma kamfanin layi nake ba.

Maman_Ihsan: Ƙanena ni nake biya maka. Atamfa da leshi nake sarowa daga Kwari ina sayarwa daga ɗakina, ba ni da shago, ba na fita kasuwa. Kafin ƙaramar salla na sa naira dubu goma na tallata wasu hotuna shida na kwana biyar, har da harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kai. Na zaɓi mata kawai, Dutse da Hadejia da Kano. Wallahi har daga Gashuwa wata ta yi min magana, na kai mata turmi uku tasha aka sa a mota. Abin da na lura da shi, shekara biyu baya sai na zauna ina ta zaɓe-zaɓen wa zai ga tallan. Yanzu shi da kansa yake nemo masu saye, kamar dillaliyar da ta san kowane gida da wadda za a aurar a cikinsa. In AI ɗin ke nan, to ni dai ya yi min rana.

Malam_Lissafi: Hajiya ta ba da amsar gaba ɗaya. A cikin biliyan 51 ɗin, biliyan 50 daga talla ne. Yawan tallan da suka nuna ya ƙaru da kashi 14, farashin kowanne ya ƙaru da kashi 10. Hujjar Zuckerberg ke nan: injin ya fi sanin bidiyon da zai riƙe ka, ka daɗe a ciki, ka ga talla da yawa, su Hajiya su ƙara biya.

Baƙo_Sabo: Ashe mu ne hajar.

Sarkin_Noma_Miga: Ku bar ni in yi magana da harshen gona, don shi na iya. Shekara uku ke nan na sayar da bijimi na haɗa da bashin ƙanin matata na sa famfon sola a gonata ta fadama. Ranar da aka kawo faifan a bayan a-kori-kura mutane suka taru suna kallo, wani dattijo ya ce min, kai da injinka na fetur lafiya lau, me ya kai ka? Shekarar farko ban ga komai ba sai biyan bashi, maiɗakina ma sai da ta yi min gori. Da aka cire tallafin mai a 2023, masu dariyar nan su ne suka dawo suna roƙon in ja musu tiyo zuwa fangalinsu. To wanda ya kashe kuɗi kafin buƙata ta zo ba lallai mahaukaci ba ne.

Amma ga ɗaya gefen, kuma shi ya fi damuna. Duk wanda ya taɓa kai tumatir Kwanar Gafan a tsakiyar kakarsa ya san abin da nake nufi. Bara ya yi kuɗi, bana kowa ya dasa, rana ɗaya kowa ya ɗebo. Kwando ya koma bai biya kuɗin mota ba, wasu a bakin titi suke juye shi su tafi da kwandon. Ba wai tumatir ɗin ba shi da kyau ba ne, kowa ne ya kawo. Na ji an ce ba Meta kaɗai ke wannan gini ba, duk manyan suna yi. In duk suka nuna lokaci guda, wa zai saya?

Ɗaliba_Dutse: Baba Sarkin Noma, Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Haka ne, a ranar 29 ga Oktoba ɗin nan Google da Microsoft ma suka fitar da nasu. Uwar kamfanin Google, Alphabet, ta yi cinikin biliyan 102, karon farko da ta haura ɗari a wata uku, kuma ta ce za ta kashe biliyan 91 zuwa 93 bana. Alphabet ta fi Meta kashewa, amma nata hannun jarin hawa ya yi. Bambancin shi ne Google da Microsoft da Amazon suna ba wasu kamfanoni hayar kwamfutocinsu, kamar mai gina rumfuna a kasuwa yana karɓar kuɗin haya tun kafin siminti ya bushe. Meta ba ta da wannan sana'ar, ita za ta gina ita za ta shiga.

Kuma Baba, a misalinka na tumatir, mai taki da mai kwando ba sa asara. A nan Nvidia ce mai takin, ita ke ƙera ƙwaƙwalwar da injinan ke aiki da ita. A makon nan darajarta ta kai dala tiriliyan 5.

Sarkin_Noma_Miga: Allah ya yi miki albarka 'yata. Mai taki kam bana ya gama da mu. Mun saya da tsada, ga shinkafa ta faɗi.

Falke_Maigatari: Ai shinkafa da sauƙi, ka tambayi masu masara. Akwai mai zuwa Gujungu ranar Lahadi ya duba min farashin riɗi?

Admin_Zaure: Alhaji, farashin amfanin gona akwai zaurensa daban. A bar wannan a kan maganar da aka ɗauko.

MaiCaji_Kafin_Hausa: Ni ne mai shagon da Ɗan_Auyo ya ce, gara in fito. Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ginin shagona shekara goma sha ɗaya, ko kwano ban canza ba. Janareta kuwa wannan ne na huɗu. Inji ba gona ba ne da za ka bar wa 'ya'ya, kullum cinye kansa yake. Duk wayar da na caja naira ɗari, na san wani abu a ciki ba nawa ba ne, na janaretan gaba ne, in na cinye shi ranar da ya buga sai in rufe shago. To waɗannan injinan na biliyoyin dala, shekara nawa suke yi?

Malam_Lissafi: Tambayar da ta fi kowacce ke nan. A farkon 2025 Meta ta ce a littafinta za ta riƙa lissafa yawancin irin waɗannan kwamfutoci a kan shekara biyar da rabi. Ma'ana kuɗin da aka kashe bana ba bana zai gama bayyana a lissafin riba ba, gutsure shi za a riƙa yi duk wata uku har shekarun su cika. Nauyin na gaba. Kuma ko injin bai mutu ba, sabon samfuri na fitowa kusan duk shekara, naka ya zama tsohon yayi yana shan wuta a banza.

Injiniya_Sola: Tunda an zo maganar wuta. Cibiyar da suke ginawa a jihar Louisiana, mai suna Hyperion, Zuckerberg ya ce za ta iya kaiwa megawat 5,000. Babban layin wutar Najeriya gaba ɗaya, daga Legas har Maiduguri, tsakanin 4,000 da 5,000 yake wasa a yawancin ranaku. Wuri ɗaya ke nan na kamfani ɗaya. Ni kuma jiya ina kan kwanon wani asibitin ƙauye ina ɗaura faifai huɗu don firjin rigakafi ya daina mutuwa.

ƊanPOS_Ringim: Mu a unguwarmu tun da taransifoma ta ƙone yara suka mayar da wayoyin wurin shanya.

Gaskiya_Ɗaci: Duk kun tsaya kuna lissafa wa mai kuɗi kuɗinsa. Mu me muka samu? Hotunanmu, muryoyinmu, rubutunmu, lokacinmu, duk sun kwashe. Ga data an ƙara mata kashi 50 a farkon shekara. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci su tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda suke sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun bana, har aka yi ta maganar za su iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar nan. Da lissafin Malam na sama, tarar ba ta kai cinikinsu na awa goma ba.

Maman_Ihsan: Malam Gaskiya, in suka rufe kai za ka sai min atamfar? Ka ce me muka samu, ni na faɗi abin da na samu. Kuɗin makarantar yara biyu daga nan yake fita.

Gaskiya_Ɗaci: Hajiya ban raina sana'arki ba, Allah ya ƙara buɗi. Cewa na yi rabon ba daidai ba ne.

Ɗaliba_Dutse: Ƙarin data ɗin ba Meta ba ce, hukumar sadarwa ta NCC ce ta amince wa kamfanonin layi, kada mu haɗa. Kuma a faɗi gaskiya, suna cikin waɗanda suka jawo wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna 2Africa, wadda ta sauka a Legas da Akwa Ibom. Sai dai daga bakin teku zuwa Miga tafiya ce mai nisa. Game da rabo kuma: mutum biliyan 3.54 ke shiga manhajojinsu kullum. In ka raba, kowane kai ya kawo musu dala 14 da rabi a wata uku, wajen naira dubu 21. Amma wannan matsakaici ne, Ba'amurke ɗaya ya ninka ɗayanmu sau da yawa a wurin masu talla. Shi ya sa in ana gina abu ba da mu ake fara tunani ba.

Sarkin_Noma_Miga: Wannan na shaida. Ɗana ya sa min wata manhaja mai amsa tambaya, ba zan kama suna ba. Na ce ya rubuta mata da Hausa: wuta-wuta ta kama min gonar dawa, me zan yi? Ta ce in fara fitar da mutane da dabbobi daga wurin, in kira 'yan kwana-kwana. Muka yi dariya har da hawaye. Da ya rubuta mata sunan ciyawar na Turanci, sai ga bayani tiryan-tiryan, har da shawarar a riƙa juya shuka da waken suya da kuma tuge ta kafin ta yi fure. Ilimin na nan, Hausar ce babu.

Ɗaliba_Dutse: Baba ka sa ni dariya a cikin aji. Dalilin shi ne injin daga rubutu yake koyo, kuma Hausar da ke intanet kaɗan ce, mafi yawanta labaran siyasa. Kalmomin gona a bakinku suke, ba a rubuce ba. A 2022 Meta ta fitar da injin fassara na harsuna 200 har da Hausa, an fara dai, amma da sauran aiki.

Riba_Kullum: Jama'a ga dama ta samu! Manhajar AI mai yi maka kasuwanci kana barci, ka sa dubu 50 ka ɗauki dubu 100 a kwana 30. Mai so ya yi min magana ta gefe.

Admin_Zaure: Na goge adireshin da ya liƙa, na kuma fitar da shi. Wanda ya tura masa kuɗi shi ya jiyo.

ƊanPOS_Ringim: Allah ya saka Admin. A watan Afrilu a kan teburina mutane suka riƙa tura kuɗi cikin irin wannan, ita ma da sunan AI. Wani yaro kuɗin babur ɗin haya ya sa. Ranar da ta rufe nan ya zo ya zauna a kan bencina tun hantsi har la'asar, bai ce uffan ba, yana ta danna waya.

Almajirin_Malam: Allah ya kiyaye. Ni tambayata daban ce: sayen hannun jarin irin wannan kamfani ya halatta? Na ji an ce bashi mai ruwa suke ci.

Malam_Lissafi: Bashin gaskiya ne. A makon da suka fitar da lissafin suka sayar da takardun lamuni na dala biliyan 30, kuma mai ruwa ne. Hukuncin kuwa ba fagena ba ne, a kai wa malaman da suka karanci mu'amalat, akwai ma'aunan da suke dubawa na yawan bashi da irin sana'ar. Amma bashin kansa ya shafi tambayar farko. Kamfanin da aka sani da tarin tsabar kuɗi, yau ga shi yana rance don gini.

Falke_Maigatari: To me na ce tun farko? Aka ce in yi gyara.

Malam_Lissafi: Ka ce ya karye ne Alhaji. Mai ribar biliyan 18 a wata uku bai karye ba. Komai ramar giwa ta fi kwando goma.

Tsohon_Ma'aikaci: Ku yara ne, bari in tuna muku. Wannan mutumin ya taɓa yin haka. A 2021 ya canza sunan kamfanin daga Facebook zuwa Meta saboda wata duniyar gizo da ake shiga da tabarau. A Fabrairun 2022 hannun jarin ya faɗi kashi 26 a wuni ɗaya, a Nuwamba ya sallami ma'aikata 11,000, a Maris na 2023 ya sanar da wasu 10,000. Wannan sashe na tabarau har yau asara yake, a wata ukun nan ma biliyan 4.4. Sai dai shi ne kuma ya sayi Instagram dala biliyan 1 a 2012 ana cewa ya yi wauta, ya sayi WhatsApp biliyan 19 a 2014 aka ce ya haukace. Yau ga mu a ciki har da ni mai furfura. Ya ci biyu, ɗaya har yanzu tana cin sa. Kuma yadda aka tsara ƙuri'un kamfanin, rinjaye na hannunsa, ba mai iya tsige shi. Masu jari sai dai su sayar su tafi.

Ɗan_Auyo: Na gode Baba. Amma har yanzu ban samu inda zan tsaya ba. Maganar Hajiya ta nuna AI na kawo kuɗi yanzu-yanzu ta hanyar talla. In don talla ne kawai, ana buƙatar wutar ƙasa guda? Biliyan 14.3 da ya zuba a kamfanin Scale AI a watan Yuni, ya ɗauko shugabansa Alexandr Wang, ba don atamfar Hajiya ba ne.

Ɗaliba_Dutse: Ba don ita ba ne Yaya. Shi ya ce burinsa injin da zai zarce basirar ɗan Adam, kuma gara ya gina wurin tun yanzu. In abin ya yi jinkiri sai ya yi amfani da rarar a harkar talla. Masu jari kuma suna tuna Janairun bana, da wani kamfanin China mai suna DeepSeek ya fito da nasa injin AI da ya ce ya yi da kuɗi kaɗan, Nvidia ta zubar da kusan dala biliyan 600 na darajarta a rana ɗaya.

Gaskiya_Ɗaci: Injin da zai fi mutum basira, amma bai san wuta-wuta ba.

Sarkin_Noma_Miga: Wanda na gwada ban ce nasu ba ne, kada a ɗora min. Ni dai famfona na san ruwa na ƙasa kafin in saya, don na ga rijiyar maƙwabci. Shi wannan ban sani ba ko ya ga ruwan, ko haƙa yake yana fata.

MaiCaji_Kafin_Hausa: Lissafi na gaba ƙarshen Janairu ne ko Malam? Ka kawo mana shi, ka duba mana layin janareta.

Malam_Lissafi: In Allah ya kai mu. Layin da zan fara dubawa ke nan.

Falke_Maigatari: Har yanzu dai ba wanda ya ce zai je Gujungu.

MaiCaji_Kafin_Hausa: Ɗan_Auyo, batirinka na ajiya da ka bari ya cika tun ɗazu, ka zo ka ɗauka kafin in kashe inji. Da na jiya ɗari biyu ke nan.